Darasi na 14: Zaɓen Karen da Gidanka Zai Iya Riƙewa

Yawancin karnukan da ke gidajen Sabon Birni da Isa ba zaɓensu aka yi ba. Karyar maƙwabci ta haihu, yaro ya ga ɗan kwikwiyo ya ƙunso shi a riga, uwar gida ta yi faɗa kwana biyu ta gaji, shi ke nan kare ya zama ɗan gida. Wani sa'i a dace. Wani sa'i kuwa kafin shekara ta kewayo ya cinye 'yan tsaki, ya fasa ƙwan zabi, ya yagi ƙafar almajiri, maigida ya shiga biyan kuɗin magani da ba da haƙuri. Kare yakan kai shekara 10 zuwa 13 in ya samu kulawa. Abin da zai daɗe haka yana ci daga tukunyarka, yana cuɗanya da 'ya'yanka, ya isa a zauna a yi shawara kafin a kawo shi.

Wane aiki za ka ba shi?

Daga nan ake farawa, kuma daga nan addini ma ya fara. Hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito, da irinsu a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, sun nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ba, ba kuma don tsaron dabbobi ko gona ba, ladarsa na raguwa kullum. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo wa mai shi, in an ambaci sunan Allah. Game da gadin gida, malamai da yawa sun yi ƙiyasi a kan tsaron gona da dabbobi, suka ce ya halatta idan akwai bukata. Ana ba da labarin Ibnu Abi Zaidi na Ƙairawan, mai littafin Risala da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ya rasu a 996: katangar gidansa ta faɗi a wani lokaci na tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik bai so haka ba, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Bagobirin yau ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan amsa.

A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Mafi sauƙi a yi masa kaskonsa daban, da wurin kwanansa nesa da ɗakunan kwana da wurin salla. Batun sayar da kare kuwa akwai saɓani tsakanin malamai, wanda yake son bayani sai ya tuntuɓi malamin unguwarsu.

Karen garke da karen farauta halinsu ya yi hannun riga. Na garke ana so ya zama mai sanyin rai, wanda bai damu da bin abin da ya ruga ba. Ana sa shi cikin awaki da tumaki tun yana ɗan wata biyu, ya kwana gindin turke, ya tashi da warinsu a jikinsa, har ya ɗauke su 'yan'uwa. Abokan gabarsa dila, da ɓarawon akuya, da karnukan da ba su da iyayengiji. In kana kiwon jajayen awaki ko tumakin Uda a bayan gida, irin wannan kake nema, kuma wurin mai garke za ka neme shi.

Na farauta kuwa bin abin da ya ruga shi ne darajarsa. Doguwar ƙafa, faffaɗan ƙirji, shafaffen ciki, ido a buɗe. Mafarauta sun fi kowa sanin zuri'ar karnuka a ƙasar nan, za su iya gaya maka uwar kare da kakarsa da irin zomon da kowace ta kamo. Sai dai dazuzzukan da ake shiga a da, irin su Gundumi, yanzu ba a shigarsu yadda aka ga dama. Karen farautar da ba a fita da shi ba zai daina farauta ba, a cikin gida zai yi ta: yau ɗan tsako, gobe ɗan akuyar maƙwabci. Kada mai akurki cike da kaji ya yi sha'awar irin wannan don kyan ƙirarsa.

Mai lambu a fadamar Rima ko ta Bunsuru yana bukatar karen da zai yarda ya zauna bukka tare da mai gadi, ya kori akuyar da ta ɓarko shinge ba tare da ya yage ta ba, don yagar akuyar mutane shari'a ce.

Sai karen gadin gida, wanda shi aka fi nema a 'yan shekarun nan, kuma a kansa aka fi yaudarar kai. Amfaninsa na cikin kunnensa da hancinsa da muryarsa. Yana jin motsi tun daga nesa, lokacin da maigida ke sharar barci, ya tashe shi. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, ɓarawon tsakar dare mai neman akuya ko buhun gero ba ya son gidan da ake haushi. Amma babu karen da ke tare bindiga, komai girmansa. Abin da zai ba ka 'yan mintoci ne na farkawa. Akwai ma daren da mutane ke bukatar shiru fiye da komai, haushin kare ya zama shi ke nuna inda suke. Don haka karen da ya san a ce masa "shiru" ya yi shiru, a kira shi ya zo, ya fi wanda ke haushin kowane ganye da iska ta kaɗa. Wannan horo ne, tun yana ƙarami ake yinsa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Irin karnukan da za ka iya samu

Na farko shi ne wanda muka raina saboda kyauta ake samunsa: karen gida. Gajeren gashi, ja-ja ko ruwan ƙasa ko dabbare-dabbare, wutsiya a lanƙwashe, nauyinsa yawanci tsakanin kilo 15 da 25. Babu wanda ya zauna ya tsara irinsa. Zafin bazara da kaska da yunwa su suka yi ta tankaɗe kakanninsa, wanda ya jure ya haihu, wanda bai jure ba ya tafi. Shi ya sa yake rayuwa da ɗumame da ƙanzo, ya haƙa rami a gindin rumbu ya kwanta da tsakar rana, ya tashi garau da yamma. Ya san akuya, ya san jaki, ya san yara. In aka zaɓo shi daga uwa tagari aka yi masa horo, zai yi garke, zai yi lambu, zai yi gadi. A ganina gida tara cikin goma a ƙasar nan ba sa bukatar wuce shi. Sai dai juriya ba riga-kafi ba ce: ciwon hauka da gudawar jini ta 'yan kwikwiyo suna kashe shi yadda suke kashe na kowace ƙasa.

Na biyu maƙwabcinmu ne, karen Azawak, wanda Buzaye da Fulani da sauran makiyaya ke kiwo a kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, arewa da Tawa. Dogo ne siriri, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa santimita 60 zuwa 74, amma nauyinsa bai wuce na karen gida ba. Ko yana cikin ƙoshin lafiya ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, wanda bai sani ba sai ya ce yunwa ce. Yana tsaron zango, yana kamo zomo da barewa, zafi bai dame shi ba. Sanyi da ruwan sama ne ba ya so, da hunturu sai an shimfiɗa masa buhu a lungun da iska ba ta bugawa. Yana shaƙuwa da mutanen gidansa ƙwarai, baƙo kuwa ba ya sakar masa fuska. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin irin da ta amince da su. Can ana biyan kuɗi mai yawa a same shi, mu da ke ganin masu irin ƙirarsa a rugage da ƙauyukan kan iyaka idonmu na kan na ƙasashensu. Sharaɗinsa guda ne, fili. Mai gida a ƙauye ko makiyayi zai ji daɗinsa, wanda zai ɗaure shi da sarƙa a lungun gidan haya ya zalunce shi.

Na uku su ne na ƙasashen waje, waɗanda ake gani a gidajen masu hali a Sakkwato da Kano da Abuja, ake tallarsu a Facebook da WhatsApp. Alseshan, wanda muke kira karen 'yan sanda, a Jamus aka kafa irinsa a 1899 don kiwon tumaki a ƙasar sanyi. Yana da basira da saurin ɗaukar horo, amma gashinsa ninki biyu ne, yakan yi fama da ciwon ƙugu, kuma cutar jini da kaska ke sawa tana kama shi da tsanani fiye da yawancin karnuka. Rotwaila shi ma na Jamus ne, baƙi mai nauyi, namiji yakan kai kilo 50. Bo'abul na Afirka ta Kudu gajeren gashi gare shi, ya fi su jure zafi, sai dai yakan haura kilo 60, in bai samu mai iya lanƙwasa shi ba ya zama bala'i ga unguwa. Kokeshiyan daga duwatsun Kokeshiya masu ƙanƙara ya fito, wajen Jojiya da kudancin Rasha, gashi buzu-buzu. Ɗan ƙaramin nan Lasa, ɗan asalin Tibet, na zaman falo ne da taje gashi, ba shi cikin lissafinmu.

Dalilin da ya sa gashi da girma ke zama matsala shi ne kare ba ya gumi a jiki irin na mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, baki buɗe, harshe waje. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a gabashin Sakkwato, ƙaton kare mai kaurin gashi yana iya haki har ya faɗi, ya mutu cikin yini guda. Masu riƙe irinsu a birni suna da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, da likita kusa. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana Sakkwato, kowa kuwa ya san abin da tafiya Sakkwato daga Isa ko Gatawa ke ci, na kuɗi da na fargaba. Ƙari a kan haka, da yawa daga 'yan kwikwiyon da ake tallarsu da sunan tsantsar iri ruwa-biyu ne, sai sun girma gaskiya ta fito.

Karatu: a ofishin malamin dabbobi

A karanta wannan hira a aji, mutum biyu su ɗauki murya.

"Salamu alaikum. Likita, an wuni lahiya?"

"Lahiya lau, Alhaji. Bismilla, ga kujera. Ya iyali?"

"Alhamdu lillahi. Wanga kare nika so ka duba man, yaro yat turo hotonai daga Abuja. Ka gane shi, awa maraƙi. Ya ce in ina so shi aiko man da ɗanai."

"Tubarkalla. Alhaji, mutum nawa ke cin tuwo a gidanka?"

"Mu goma sha huɗu, ban da baƙi."

"Tuwo na kwana?"

"Wata rana shi kwana, wata rana yara su side tukunya."

"To wannan shi kaɗai zai ci abin da karen gida uku za su ci, kuma tuwo zalla ba ya riƙe shi, sai da nama ko kifi. Ina za ka ajiye shi da rana?"

"Ga gindin darbejiya nan ƙofar gida."

"Inda yara ke wucewa makarantar allo?"

Alhaji ya yi shiru, ya gyara hula.

"Ranka ya daɗe, ba hana ka nake ba. In ya tsinke sarƙa, wa zai riƙe shi a gidan? Kai kana kasuwa, manyan yara suna gona, sai Hajiya da ƙanana."

"To mi kaka gani, Likita?"

"Akwai mai garke a unguwarku da karyarsa ba ta taɓa cizon kowa ba, kuma ba a taɓa satar masa akuya ba?"

"Akwai kam."

"Je ka kama layi wurinsa. In ta haihu, ɗan ya yi wata uku, kawo shi in yi masa allura."

Gidan da zai shiga

Tambayar da malamin dabbobi ya fara da ita ita ce ta gaskiya. Kare ba ya rayuwa da haushi. Karen da ba a ciyarwa zai ciyar da kansa daga akurki da juji da mahauta, kuma daga can yake kwaso cuta. Ragowar tuwo da miya, da ɗan tsaki dafaffe, da kan kifi, da romon ƙashi, da madara in akwai, sun ishi karen gida. Ruwa kuwa kada kaskonsa ya bushe, musamman da bazara. Hadisi ya zo da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, wanda ya ɗaure nasa a rana babu ruwa sai ya yi wa kansa hisabi.

Abu biyu na ƙasarmu ya kamata a kiyaye. Mu masu noman albasa ne, albasa kuwa tana lalata jinin kare in ya ci da yawa, ɗanya ko dafaffa. Kada a riƙa juye masa soyayyar albasa ko ruɓaɓɓiyar da aka tsince daga rumfa. Na biyun ya fi wannan muhimmanci ga mai dabbobi. In an yanka tunkiya ko akuya aka ga wasu ƙulli-ƙulli masu ruwa a hanta ko huhu, al'adarmu a yanke wurin a jefa wa kare. Waɗannan ƙulli 'ya'yan tsutsa ne. A cikin hanjin kare suke girma, ƙwansu ya fito cikin kashinsa ya faɗa ciyawa da ruwa, dabba ta ci ta kamu, yaron da ya shafa kare ya ci abinci bai wanke hannu ba shi ma yana iya kamuwa. Haka kan tunkiyar da ta yi ciwon juwa, mai kewaya wuri guda: tsutsar tana cikin ƙwaƙwalwarta, bai wa kare ɗanyen kan shi ke mayar da ciwon cikin garke. A binne irin wannan nama da zurfi ko a ƙone shi. Kayan cikin da za a ba kare a dafa su.

Sai a dubi mutanen gida. Maigida ke kawo kare, amma mata ke wuni da shi, su ke zuba masa abinci, su ke korarsa daga madafa. In uwar gida ba ta so, a haƙura, karen da ake jifa da muciya kullum ba ya yin halin kirki. Gida mai rarrafe da 'yan tatata yana bukatar mai haƙuri, kuma duk haƙurinsa ba a barin jariri da kare su kaɗai. A koya wa yara kada su taɓa shi yana cin abinci ko yana barci, kada su kusanci karya mai jego. Gidan da ke da katanga da ƙofa daban yake da mai darni, wanda kare zai ratsa ya fita duk lokacin da ya so. A cikin garin Isa ko Sabon Birni, inda gida ke manne da gida, haushin dare na maƙwabta ne su ma, suna da hakki a ciki.

Akwai tambayar da iyayenmu ba su yi ba, mu ta zame mana dole. Tun wajen 2019 dubban mutanen yankin nan sun bar ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, wasu zuwa cikin gari, wasu suka tsallaka Jihar Maraɗi, wajen Gidan Runji. In ta kama ka tashi cikin dare, karenka zai iya bin ka da ƙafa? Inda za ka sauka za a karɓe ku tare? Karen gida da na Azawak za su bi jaki ko amalanke yini guda. Ƙaton da ya saba da inuwa ba zai kai ko'ina ba. Karnukan da aka bari a kufai kuwa su ke haɗa gungu, su faɗa wa awakin waɗanda suka rage, kuma a cikinsu ciwon hauka ke samun wurin zama. Wanda zamansa bai tabbata ba, kare ɗaya ya ishe shi.

Namiji ko mace? Karya ta fi zama gida, amma takan nemi barbara sau biyu a shekara, wasu na Sahel sau ɗaya, lokacin nan karnukan unguwa duka za su yi sansani a ƙofarka. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, ta zubo huɗu, shida, har takwas. In ba ka san inda za ka kai su ba, ɗauki namiji. Shi kuma yawo ne aibinsa, fiɗiya a hannun malamin dabbobi tana rage shi, ba ta hana shi gadi.

Ranar ɗauko kwikwiyo

Kafin ka dubi ɗan, dubi uwar. Tsaya daga nesa ka ga yadda take karɓar baƙo: ta yi haushi, mai ita ya tsawata ta yi shiru? Ko kuwa ta lafe tana gurnani, wutsiya cikin cinya? Mai tsoro ta fi mai faɗa saurin cizo, kuma 'ya'ya na ɗaukar hali daga uwa, ta jini da ta koyi. Tambayi maƙwabtan gidan, su za su gaya maka abin da mai ita zai ɓoye.

Kada a raba shi da uwa kafin sati 8. Yara kan ɗauko shi ido bai daɗe da buɗewa ba, a yi ta ɗura masa koko har ya mutu, ko ya rayu ya zama mai cizo, don a wurin uwa da 'yan'uwa yake koyon iyakar wasa da haƙori.

Durƙusa ka tafa hannu a hankali. Wani zai rugo ya hau ka yana cizon riga, wani zai gudu bayan rumbu, wani zai tsaya ya dube ka, sannan ya matso yana shinshina. Na ukun nan shi ne na gida mai yara da dabbobi. Ɗaga shi ka duba: ido garau babu kwantsa, hanci babu majina, dasashi ja-ja ba fari fat ba. Buɗe kunne da tsakanin yatsu, nan kaska ke ɓuya. Shafa gashin baya ka ga ko akwai ƙuma ko wurin da ya tsige. Ciki tulu-tulu a kan siraran ƙafafu alamar tsutsa ce, tana magantuwa. Amma in ka ga ɗaya daga cikinsu yana amai da zawo mai jini da wari, bar gidan duka, ka wanke hannu da takalmi. Ƙwayar wannan cuta tana daɗewa a ƙasa wata da watanni, kuma akwai allurarta da ake farawa tun kwikwiyo na sati 6 zuwa 8.

Babban karen da ba ka san asalinsa ba, ko kyauta ne, bar shi. Fatake na tara karnuka daga garuruwan Arewa har da Nijar suna kai su kasuwar Dawaki a Ƙaramar Hukumar Kanke ta Jihar Filato, ana cakuɗa mai lafiya da marar lafiya a keji guda. Wanda ya fito daga irin wannan hanya ba ka san abin da ya cije shi ba.

In kaska ko ƙazuwa ta kama shi, kada a shafa masa fiya-fiya, ko maganin feshin gona, ko baƙin man inji. Yana lasar jikinsa, gubar ta shiga ciki. Haka kuma kada a ba shi maganin ciwon kai na mutane. Malamin dabbobi yana da nasu.

Sharaɗin da ba a sassautawa

Ko wane iri ka zaɓa, in ba za ka yi masa allurar riga-kafin hauka ba, kada ka ajiye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Alhali riga-kafinsa tun 1885 Luwi Fasto ya fara gwada shi a kan mutum a Faransa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin na karnuka. Ana yi wa kwikwiyo yana wata 3, a maimaita kowace shekara, a karɓi takardar shaida a adana. A lura ko daga cikin sanyi aka ciro allurar, wadda ta sha rana a aljihu ta lalace. Masana sun nuna cewa in aka yi wa bakwai cikin kowane goma na karnukan gari, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa, don haka allurar karen maƙwabcinka ta shafe ka. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, a wasu wurare akan yi allurar kyauta, a riƙa sauraron rediyo.

Ba kowane mahaukacin kare ne ke gudu yana cizo ba. Wani sai ya yi laƙwas, muƙamuƙi ya saki, yawu na dalala, sai ka ce ƙashi ya maƙale masa. Kada a sa hannu a bakinsa. Duk karen da halinsa ya juya farat ɗaya, mai faɗa ya yi sanyi ko mai sanyi ya fara kai cizo, a killace shi a kira malamin dabbobi.

In kare ya ciji mutum ko ya karce shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15. A duba agogo, ya fi yadda ake zato tsawo. Sannan a tafi asibiti ran nan, a nemi allurar cizon kare, a cika adadin da aka rubuta ko da miki ya warke. Ɗora gashin karen a kan miki ba ya kashe ƙwayar cutar. In an san karen kuma ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a ɗaure shi kwana 10 ana ba shi abinci ana lura, a kai wa ma'aikacin lafiya labarin abin da aka gani. Ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allura.

Tambayoyi da aiki

1. Waɗanne ayyuka ne hadisi ya ambata da ake ajiye kare dominsu?
2. Me ya sa karen farauta bai dace da gida mai kaji ba?
3. A hirar da aka karanta, wace tambaya ce ta sa Alhaji ya yi shiru? Da kai ne, me za ka amsa?
4. Ki bayyana wa abokiyar zamanki a aji abin da za ki yi a minti 15 na farko in kare ya ciji ɗanki.
5. Lissafi: a tambayo kuɗin tiyar masara a kasuwar garinku. In karen gida na cin tiya 1 a sati, ƙaton kare kuma na cin ninki uku, nawa kowanne zai ci a sati 52?
6. Kafin darasi na gaba, kowa ya binciko inda malamin dabbobi mafi kusa da shi yake, da asibitin da ke da allurar cizon kare, ya rubuto sunayen wuraren a littafinsa.